Wakafin Ƙasa da Ruwa da Haƙƙin Masu Zuwa Bayanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin talikai, Ya saukar da ruwa gwargwado, Ya sanya mu masu maye wa juna a bayanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, kwamitin amintattu ya umarce ni da in yi wa masu ba da gudummawa da kwamitocin masallatai bayani a rahoton bana game da wani nau'in wakafi da muka ga an yi wa riƙon sakainar kashi, wato wakafin gona da fadama da makiyaya da mashaya da sauran wuraren da jama'a ke rayuwa da su. Dalilin umarnin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa wuni a ofishinmu. Bawan Allah zai shigo da niyyar sadaka mai gudana, a tambaye shi abin da yake so, ya ce masallaci. Idan aka ce masa unguwar da yake nufi tana da masallatan da ba sa cika sai da azumi, sai ya ce to a haƙa rijiyar burtsatse. Duka biyun alheri ne, babu mai musun haka. Sai dai masallaci yana buƙatar abin da zai riƙe shi bayan an gama rufa masa kwano, rijiya kuwa daga ƙasa take ɗibar ruwa, ƙasar kuma sai ta sha kafin ta bayar. Wanda zai ce ga gonata na tsare ta, ko ga kuɗi a sayi fadamar can kada a yanka ta fuloti-fuloti, da wuya mu gan shi. Ina kyautata zaton rashin sanin matsayin wannan sadaka ne ya kawo haka, domin mutanenmu ba su da rowa ga abin da suka tabbatar akwai lada a cikinsa.

Inda babin ya samo asali

Wakafin da malaman fiƙihu suka gina babin duka a kansa gona ce. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sami wata ƙasa a Haibara bayan an ci garin a shekara ta 7 bayan Hijira, ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman shawara, domin bai taɓa mallakar dukiyar da ta kai ta daraja a wurinsa ba. Aka nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya shar'anta cewa ba za a sayar da ita ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba, amfaninta kuma ya tafi ga matalauta da dangi da 'yanta bayi da tafarkin Allah da matafiyi da baƙo. Ya yarje wa mai kula da ita ya ci gwargwadon al'ada, muddin bai mai da ita hanyar tara dukiya ba. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika kawowa a wa'azi ba, alhali shi ya fi shafar aikinmu. Umar bai tsaya ga furuci ba. Abu Dawuda ya kawo cewa ya sa an rubuta takarda, Mu'aiƙibu ne ya rubuta, Abdullahi ɗan Arƙamu ya yi shaida, aka ambaci 'yarsa Hafsa a matsayin mai kula, aka kuma faɗi wanda zai karɓa bayanta. Sarkin Muminai ke nan, a Madina, a tsakiyar sahabbai, bai ga cewa amincin mutanen zamaninsa ya isar masa ga barin alƙalami ba.

Na ruwa kuwa, sanannen misali shi ne rijiyar Ruma. Musulmi sun iso Madina suka tarar ruwan daɗi a hannun mai sayarwa yake, sai Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya saye ta ya bar wa jama'a, gugarsa ta zama daidai da gugar kowa. Har yau an san wurin rijiyar a Madina, da gonar dabino a kewaye da ita, bayan shekaru fiye da 1,400.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a kan haƙƙin waɗanda ba a haifa ba ita ce matsayin da Umar ya ɗauka a zamanin halifancinsa, tsakanin shekara ta 13 da ta 23 bayan Hijira, lokacin da aka ci ƙasar noma ta Sawad a Iraƙi. Wasu manyan sahabbai, ciki har da Bilal, sun nemi a raba ta tsakanin mayaƙa kamar yadda ake raba ganima. Umar ya ƙi. Ya kafa hujja da ayoyin Suratul Hashri waɗanda, bayan ambaton Muhajirai da Ansar, suka ambaci masu zuwa daga baya, ya ce idan aka raba ƙasar yau, me Musulmin ƙarshe za su tarar? Aka bar ta a hannun manomanta suna biyan haraji ga baitulmali. A kan wannan Imamu Malik ya tafi ga cewa ƙasar noman da aka ci da yaƙi tana zama wakafi ga Musulmi baki ɗaya. A lura da nauyin abin: mutanen da suka zubar da jininsu ne aka hana rabo, saboda mutanen da ba su zo duniya ba tukuna.

Hurumi da harabar gari

Shari'a ba ta dogara ga wakafi kaɗai ba wajen tsare ƙasa. Shehu Halil a Muhtasar ya lissafa hanyoyi huɗu da ƙasar da ba ta da mai ita ke keɓanta da su: rayawa, da kasancewarta harabar wani abu rayayye, da yankan da shugaba ke yi wa wani, da hurumin da shugaba ke keɓewa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan wannan babi, mai suna Ta'alimur Radi, wanda ke nuna cewa magabatanmu na daular Sakkwato sun ɗauki al'amarin ƙasa a matsayin ilimin da ake karantawa kamar tsarki da salla.

Biyu daga cikin huɗun nan su suka shafe mu. Harabar gari, a bayanin Malikawa, ta haɗa da wurin da mutanen garin ke samo itace da inda dabbobinsu ke kiwo, gwargwadon nisan da za a fita da safe a dawo da yamma. Wannan fili ba a ba wa mutum ɗaya shi, domin na garin ne gaba ɗaya. Rijiya ma tana da harabarta, kuma Malikawa ba su ƙayyade ta da kamu kaza ba, sun ce ita ce duk abin da idan aka taɓa shi zai cutar da ruwan ko ya ƙuntata wa masu zuwa sha. Ke nan wanda ya haƙa masai dab da rijiyar unguwa, ko ya ja katanga har dabba ba ta da wurin tsayawa, ya shiga haƙƙin da ba nasa ba ko da takardar filinsa tana hannunsa.

Hurumi kuwa Manzon Allah da kansa ya keɓe shi a Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Umar kuma ya keɓe Rabaza da Sharaf. A ƙarshen Muwaɗɗa akwai wasiyyar da Umar ya yi wa baransa Hunayyu lokacin da ya ɗora shi a kan hurumi. Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya kuma yi hattara da garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Sarkin Muminai. Biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna ke nan aka ce a tare dabbobinsu. Duk kwamitin da aka damƙa wa filin jama'a ya kamata a karanta masa wannan wasiyya ranar da ya karɓi aiki, saboda a wurinmu akasin haka aka fi gani: mai garke da mai tarakta su ake fara buɗe wa ƙofa.

Game da ruwa mai gudana, hukuncin da aka yi a kan kwarin Mahzur da Muzainib shi ne na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. An kuma hana mutum riƙe rarar ruwa don ya hana dabbobi kaiwa ga ciyawa, an yi gargaɗi mai tsanani ga mai yin bayan gida a mashaya ko kan hanya ko inuwar da ake zama. Har ila yau Muwaɗɗa ta kawo yadda Umar ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama ya bar Dahhaku ɗan Halifa ya ratsa gonarsa da hanyar ruwa, tun da ba za ta cutar da shi ba, hasali ma zai amfana. Malamai sun yi saɓani kan ko alƙali zai tilasta irin wannan a kowane hali, amma babu saɓani kan cewa hanawa ba tare da dalili ba rashin kyautata maƙwabtaka ne.

Abin da idanunmu ke gani

Bahaushe bai jahilci waɗannan abubuwa ba. Kalmomin hurumi da burtali da makiyaya da mashaya sun daɗe a bakinsa, kuma dagaci da ardo da sarkin noma sun san iyakokinsu ko da ba a rubuce ba. Abin da ya canza shi ne yawan jama'a da darajar fili. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, yau kuwa an haura miliyan 200, ƙasar kuma ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa an raba shi gado sau biyu ko uku, har ya zama kason jika bai isa ya ciyar da gida ba, daga nan sai dillalin fili ya zo da kuɗin da mai gonar bai taɓa riƙewa ba. Ban ga laifin wanda ya sayar don ya aurar da 'ya ko ya biya kuɗin asibiti ba. Sai dai gonar da aka zuba wa siminti ba ta komawa gona.

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Dokar Keɓe Makiyaya a 1965. Wuraren kiwon da aka keɓe a faɗin ƙasar nan sun haura 400, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka kammala wa rajista a hukumance, da yawa kuma an cinye su da noma da gini. Burtalin da a da garke biyu za su gitta juna a cikinsa ya koma siririyar hanya, wani wurin ma ya toshe ɗungurungum. Idan saniya ba ta da hanyar zuwa ruwa sai ta cikin dawa, to an riga an shuka rigima tun kafin damina ta faɗi. Ba na cewa wannan kaɗai ne sanadin zubar da jinin da muke fama da shi, domin al'amarin ya haɗa da zalunci da makamai da raunin hukunci, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A gabas kuma ga dausayin Haɗeja da Nguru. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, suka samar da ruwan sha da noman rani ga jama'a masu yawa a Kano. A lokaci guda ambaliyar da a kowace shekara take shayar da fadamun ƙasa ta ragu, ruwa ya koma kwanciya a wasu hanyoyin rani da damina, ciyawar kacala ta mamaye su ta toshe, har manomin shinkafa da masunci da makiyayi na yankin Gashuwa da Gaidam suka ji a jikinsu. Wannan ita ce mas'alar Mahzur a babban sikeli: na sama ya sha, amma sai ya saki. Tafkin Cadi, inda kogin Yobe ke zuba, ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari da ɗibar ruwa suka mai da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980.

Waɗannan manyan al'amura ne da suka fi ƙarfin kwamitin masallaci. Amma akwai wanda bai fi ƙarfinsa ba, shi ne kududdufin unguwa. A tsofaffin biranenmu kududdufai su ne ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan sama. An raina su saboda sauro da shara, aka bi su ana cikewa ana gini. Ruwan kuwa bai daina sauka ba, sai ya rasa masauki ya shiga ɗakunan mutane. Na san masallacin da kwamitinsa ya cike kududdufin da ke bayansa ya jera shaguna da kyakkyawar niyyar samun kuɗin wuta da na ladan, damina biyu ba su cika ba katangun ƙasa na maƙwabta suka fara zubewa. Da an yashe shi an kewaye shi an hana zuba shara, da ya ci gaba da aikin da yake yi wa unguwar kyauta.

Don kada a ce ƙasa idan ta lalace shi ke nan, a dubi 'yan'uwanmu na jihohin Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabba, shi ne kan gaba. Wani babban abin da ya taimaka shi ne manomi ya samu natsuwar cewa itacen da ya raina nasa ne. Mutum ba ya wahala a kan abin da bai san makomarsa ba, wakafi kuwa aikinsa ke nan, ya yanke shakka game da makomar wuri.

Kurakuran da ke rushe wakafi

Na farko a takaice: ba a sayen filin wakafi da kuɗin zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba wa zakka, kuma mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci ko gada ko hanyar ruwa da ita. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah, amma gidauniyarmu tana kan maganar jamhuru, shi ya sa asusun zakka daban, na wakafi daban. Wanda ke son a sayi fadama ya kawo sadakar ganin dama.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, kuma ina da hannu a cikin wani misalinsa. A wani ƙauye, wani dattijo ya miƙe bayan sallar Juma'a ya shaida wa jama'a cewa ya bar fadamarsa ga masallaci da makarantar allo. Aka yi kabbara, aka yi masa addu'a. Ina wurin. Na san ya kamata a rubuta, a kuma karɓi gonar daga hannunsa, amma kunya ta hana ni cewa, Baba, a kawo takarda, kada ya ga kamar ana tuhumar maganarsa. Ya ci gaba da noma ta da kansa, kowace kaka yana aiko wa liman da buhunan shinkafa. Da Allah Ya yi masa rasuwa, magada suka saka ta cikin gado. Aka je gaban alƙali, shaidu suka tabbatar da furucin, sai alƙali ya yi tambaya ɗaya: wa ya karɓi gonar daga hannunsa yana da rai da lafiya? Babu. Ya mai da ita gado, kuma hukuncinsa daidai ne a mazhabar Malik. Shekara ba ta zagayo ba aka sayar da ita, yanzu masu buga bulo ne a wurin.

Hukuncin shi ne, wakafi yana ɗauruwa da furuci, amma ba ya cika sai an karɓe shi daga hannun mai shi kafin mutuwa ko ciwon ajali ko bashin da ya cinye dukiyarsa su riske shi. Idan ya riƙe gonar yana rarraba amfaninta da kansa har ya mutu, ta koma gado. Idan ya shar'anta cewa shi ne zai kula da ita, Malikawa sun ce wakafin ya ɓaci. Abin da ya shafi jama'a kai tsaye, irin rijiya da mashaya da hanya, karɓarsa ita ce ya janye hannunsa ya bar mutane su shiga. Wanda kuma ya yi wakafi a cikin ciwon ajali ko ta hanyar wasiyya, daga sulusin dukiyarsa za a fitar. Saboda haka, ya ku iyayenmu masu niyya, idan wakilinmu ya nemi a fita a zaga iyaka a sa hannu, sadakarku yake tsarewa. Wanda kuma da gonar yake ci, akwai mafita: ya tsare wani yanki ya miƙa shi yanzu, ya riƙe saura.

Mazhabarmu tana da sauƙin da ba a cika sani ba. Ba sharaɗi ba ne wakafi ya zama na har abada, ana iya tsare gona shekara goma ko ashirin sannan ta koma ga mai ita ko magadansa. Ana iya yin wakafin amfanin wurin da aka yi haya tsawon lokacin hayar. Ba sharaɗi ba ne ya zama babba. Manomin da gonarsa ke bakin burtali ya ja da baya taku biyar a tsawon iyakarsa ya ce wannan na bar wa dabbobin bayin Allah, ya yi wakafi sahihi, idan maƙwabtansa goma suka bi sahunsa hanya ta buɗe. Tun da a al'adarmu ana iya mallakar itace daban da ƙasar da yake kai, mai ɗorawa ko kuka ko giginya yana iya tsare ta ita kaɗai.

Doka da takarda da haya

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama da amfani ne, gwamna ke ba da shi a birni, ƙaramar hukuma a karkara, inda take da ikon bayarwa har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba tare da ta nemi amincewar gwamna ba. Sauya hannu kuma yana buƙatar yardar hukumar da abin ya shafa. Wannan bai hana wakafi ba, tun da mun ga Malikawa sun halatta tsare amfani, amma yana nufin takardar da liman da dagaci suka sa wa hannu, duk da muhimmancinta, ba ta wadatar ita kaɗai. A kira safiyo ya auna, a nemi takardar mallaka, kuma kada a rubuta ta da sunan shugaban kwamiti ko liman, komai amincinsa, domin shi ma yana da magada. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ƙungiya damar yin rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, su riƙe ƙasa da sunan ƙungiyar, mutum ya mutu wani ya maye gurbinsa ba tare da filin ya motsa ba. A jihohin da ke da hukumar zakka da wakafi, irin Kano da Sakkwato da Zamfara, a kai musu kwafi.

A cikin takardar a fayyace manufa, domin sharaɗin mai wakafi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Idan ana son wurin ya zauna gona, a rubuta cewa ba za a yi gini a kai ba. Idan mashaya ce, a ambaci hanyar da dabbobi za su bi su iso ta, don mun ga inda aka tsare tafki aka manta da hanyarsa, maƙwabta suka nome kewayensa, ya zama ruwan da sai tsuntsu ke sha.

Sai batun haya. Malamai sun ƙi a ba da ƙasar wakafi haya mai tsawo, saboda idan mutum ya daɗe a wuri shaidu suka mutu, 'ya'yansa za su tashi suna ganin gonar ubansu ce. A riƙa sabunta yarjejeniya bayan 'yan shekaru kaɗan, a rubuce, a kan farashin da ake yi a yankin. A kuma sani cewa Imamu Malik bai halatta hayar ƙasa da abinci ko da abin da take fitarwa ba, don haka cewa manomi ya kawo buhu kaza da kaka yana da matsala a mazhabarmu, ko da yake wasu malaman sun halatta noma a raba. Mafi kuɓuta a yanka hayar da kuɗi, a kuma fifita marasa gona da matan da mazansu suka rasu, bisa koyi da wasiyyar Hunayyu.

Jarrabawa mafi girma tana zuwa ne ranar da gari ya iso gonar. Za a zo wa kwamiti da lissafi mai daɗin ji, cewa kuɗin fuloti ɗaya ya fi hayar shekara ashirin, a sayar a gina shaguna ko a ƙara wa masallaci bene. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta bayyana cewa ba a sayar da hubusi ko da ya lalace. Abin da Malikawa suka togace shi ne buƙatar faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanyar jama'a ko maƙabarta, wasu malaman baya kuma suka yi sassauci wajen musanya wurin da amfaninsa ya yanke gaba ɗaya da wani mai amfani, bisa hukuncin alƙali. Gonar da ke ba da amfani ba ta shiga wannan ba don kawai farashinta ya tashi, kuma kwamiti ba shi da ikon yanke wannan hukunci a zaman bayan sallar isha'i. Ni a ganina ma, lokacin da gine-gine suka kewaye fili shi ne lokacin da aka fi buƙatarsa a buɗe, don ruwan sama ya sami inda zai nitse, rijiyoyin unguwar su sami abin ɗiba.

Abin da muke roƙon kowane kwamiti a wannan shekara shi ne, da zarar an kawar da amfanin gona, a fita da liman da mai unguwa ko dagaci da dattawan da suka san tarihin wurin, a zaga duk wata gona ko fili ko rijiya ko kududdufi da ake cewa na masallaci ne ko na jama'a. A rubuta wanda ya bayar, da shekarar da ya bayar gwargwadon abin da aka tuna, da maƙwabtan wurin ta gabas da yamma da kudu da arewa, da wanda yake hannunsa yanzu da kuma sharaɗin da yake riƙe da shi. Inda mai bayarwa ke raye kuma wurin yana hannunsa, a je masa da ladabi a karanta masa hukuncin karɓa. Inda babu alamar iyaka, a dasa aduwa ko bini-da-zugu ko jema kafin a sami safiyo. A kawo mana kwafin abin da aka rubuta ofis kafin watan Sha'aban, domin da azumi ya kama aikin rabon zakka ba ya barin mu duba wata takarda.